Jan Irin da Ka Aiko

Ƙofar Marke, Sakkwato
12 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Gazali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke aiki tare a gonar kamfani can Minna. Yaya ruwa a wajenku? Yaya haƙorin da ka ce ya hana ka cin nama?

Mu nan gida ga yadda muke. Ƙanwarka Sadiyatu lafiya lau, tana zuwa makaranta. Nuriyya ɗiyar yayarka ta yi zazzaɓi kwana uku, an kai ta asibiti, yanzu har ta koma ɓarnarta. Goggo Uwani ƙafar ce dai har yanzu, a zaune take salla. Ni ba abin da ya sami jikina. Baffanka Illo ma jikinsa lafiya, amma ransa a ɓace yake, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka. A waya kai kana sauri, kafin in haɗa maganata ka riga ka ce to Inna sai an jima. Takarda ba ta katse ni. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu da furfurata, bari in more shi. Zan ba Bawa direba ya kawo maka.

Shekaranjiya na shiga keke na je gonarmu ta hanyar Kware, don in gani da idona. Gefen yamma sai godiya. Jan irin dawar da ka aiko ya fita layi-layi, kore shar, kuma maganin hakin da aka fesa ya yi aikinsa, babu haki ko ɗaya tsakanin layuka, ƙasa fes kamar tsakar gidan da aka share. Masu wucewa har tsayawa suke suna kallo.

Amma gefen gabas, daga gindin gawo har bakin hanya, inda aka fara shuka, abin ba kyan gani. Mafi yawan ramuka ba abin da ya fito. Wanda ya fito kuwa ganyensa a naɗe, ya ƙi buɗewa, kamar tsumman da aka murɗe aka jefar. Na durƙusa na tona rami ɗaya da yatsa, na tarar da tsiron ya lanƙwashe a cikin ƙasa, bai ko ga rana ba. Na daɗe a durƙushe a wurin.

Baffanka ya yi ƙoƙari. Kwana takwas da suka wuce ya zo ya tambaye ni ko akwai ragowar jan irin a buhu, ya cike gurbin da ya mutu. Na ɗauko buhun na zazzage a gabansa, babu ko ƙwaya. Ya je kasuwa ya samo irin dawa na gida ya sake shukawa. Shi ma wannan ga shi nan yana fitowa a wahale, kamar na farko.

Gazali, ran da kuka yi waya da shi ina tsakar gida ina jin ku, don ka san kunnensa, sai ya buɗe muryar wayar. Ka ce shi ya cika magani a famfunan feshi na farko har ya ƙone shuka. Ya ce maka gwangwanin madara ɗaya yake zubawa a kowane famfo kamar yadda ka rubuta, bai ƙara ba bai rage ba. Ba ka saurare shi ba. Ka ce tsofaffi ba su iya komai da abin zamani ba sai ɓarna. Ka ce gonar ba tasa ba ce shi kaɗai da zai yi wasa da ita. Ni da na haife ka sai da na ji kunya ta rufe ni. Shi kuwa sai ya kashe wayar, ya sa takalmansa ya fita, ko furar da na dama masa bai taɓa ba.

Jiya matarsa Safiya ta zo da saƙo. Ya ce da zarar an cire amfanin bana zai kira dattawa a ja igiya a raba gonar, a ba 'ya'yan marigayi nasu, shi ma ya san nasa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar kakanka, mahaifinka da Illo ba su taɓa raba gonar nan ba. Tare suke shuka, tare suke girbi, a kawo dammuna a ajiye, gidan da tukunyarsa ta fi buƙata ya fi ɗiba, ba wanda ya taɓa ɗaga ido. Damina ɗaya ba ta cika ba da rufe mahaifinka, ga shi ana zancen igiya.

Ka san yadda yake da ni. Tun ina amarya yake yi mini wasan ƙanin miji, da na shiga ajin manya kuwa ba ya shigowa gidan nan sai ya ce, “Ina Malama mai biro? A rubuta mini takarda zuwa ga gwamna, a ce ya aiko mini da jaki.” Yanzu a zaure yake tsayawa, ya ce a gaishe ni, ya juya.

Don Allah ka kira shi. Ko kana ganin kai ke da gaskiya, ƙanin ubanka ne, kuma shi ke cikin rana a gonar alhali kai kana nesa.

Sai tambaya ɗaya. Jan abin nan da ke jikin irin, mene ne aikinsa? Ni na ɗauka irin hodar da ake cuɗa iri da ita ce don ƙwari da tsuntsaye. Idan akwai wani aikin da yake yi ban da wannan, ka rubuto mini dalla-dalla in karanta a hankali. Kada ka tambaye ni abin da ya sa nake son sani.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya kare ka.

Mahaifiyarka,
Mairo


Ƙofar Marke, Sakkwato
16 ga Agusta

Ɗana Gazali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina fata kana lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya yi yawa a makon jiya har katangar bayan gida ta tsage, an tokare ta da itace. Goggo Uwani ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya fi na da.

Saƙonka ya iso ta wayar Sadiyatu. Ka ce in bar zancen gona kada in sa wa kaina hawan jini, kuma ba ka da abin da za ka ce wa Baffa sai ya yarda ya yi kuskure. Tambayata kuwa ba ka amsa ba. Na yi ta jira wata guda. Daga baya na nemi amsar da kaina, kuma da na san abin da zan ji, da tun ranar farko na je.

Ranar Litinin da muka tashi daga aji a Gidan Igwai, na biya shagon Aminullahi mai sai da iri da maganin gona. Na tafi da buhun da irin ya zo a ciki da kwalbar maganin da ta ƙare. Na ce masa wata maƙwabciyata ce ta aiko ni da tambaya. Ya ba ni kujera, ya juya kwalbar, ya karanta buhun, sannan ya yi mini bayani kamar yadda malamarmu take yi, a hankali, yana maimaitawa.

Ya ce wannan maganin an yi shi ne don kashe haki mai siririn ganye tun yana tsiro a cikin ƙasa. Ya ce, “To Inna, ita dawa mece ce? Ai 'yar'uwar haki ce, gidansu ɗaya. Maganin bai san wannan abinci ba ce wannan kuma ta banza, duk wadda ya tarar kamawa yake.” Shi ya sa, in ji shi, masu yin irin suke shafa masa wani magani na dabam, na kariya, kafin su zuba a buhu. Ya faɗi sunansa na Turanci, ban riƙe ba. Idan ƙwayar ta sha ruwa za ta tsira, wannan maganin take fara sha. Shi ba katanga ba ne, kuma ba ya rage ƙarfin feshin da ke cikin ƙasa. Jikin tsiron yake tasa, ya sa shi ya yi saurin narkar da dafin kafin dafin ya kai ga zuciyarsa. Hakin da ke gefe bai sha ba, sai ya mutu, dawa ta wuce. Na ce masa kamar daurin da ake ba jariri ke nan. Ya yi dariya ya ce kusan haka, sai dai wannan an auna shi.

Na ce to jan launin shi ne maganin? Ya ce a'a, jan rini ne kawai, alama ce don kada wani ya manta ya kai niƙa. Maganin kansa ido ba ya ganinsa.

Gazali, da ya faɗi haka sai na daure na ƙara tambaya ɗaya. Na ce idan irin da ba shi da kariyar ya mutu a gonar da aka fesa, mutum kuma yana da ragowar jan irin na gaskiya, zai iya cike gurbin da shi? Ya ce sosai ma, shi ne kaɗai zai rayu a wannan ƙasar a kwanakin. Da an yi haka cikin mako na farko ko na biyu, da yanzu ba a gane inda aka cike. Na ce yanzu fa? Ya ce, “Yanzu tsakiyar Agusta, Inna? Ruwan Sakkwato ba ya jiran kowa. Ki ce wa maƙwabciyar taki ta yi haƙuri sai baɗi.” Ya dube ni ya ƙara da cewa, “Ki ce mata kuma ta sha ruwa, na ga ranta ya ɓaci.” Ya miƙo mini ruwa a leda. Ban iya sha ba.

Yanzu ka ji abin da na yi. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ka san kaurar mahaifinka, mai manyan ƙwaya ruwan ɗorawa, wadda ya gada wurin kakanka. Duk kaka shi da kansa yake zaɓen zangarniyar da za a bari iri, ni in rataye a madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. Ta bara ita ce ta ƙarshe da ya zaɓa da hannunsa. Yana tari yana zaɓa, na ce ya bari Illo ya yi, ya ce Illo da ido yake zaɓe, shi da tafin hannu. Ya yage bakin tsohon rawaninsa ya ɗaure su. Duk kwanakin takabata in na shiga madafa ina ganinsu a sama.

Da buhunka ya iso, ka ce bana sabon iri za a shuka duka gonar, mai saurin nuna, kowa ya yi murna. Ni ma na yi. Amma na kasa jure a ce damina ta farko bayan mutuwarsa an shuka gonarsa babu ƙwayar dawarsa ko ɗaya a ciki. Na so in roƙe ka a bar mini layi goma. Na san abin da za ka ce, za ka ce Inna ana son a ga abin da sabon zai yi shi kaɗai. Na ji tsoron a hana ni, sai na ƙi tambaya.

Kwana biyu kafin shuka, da hantsi, Sadiyatu tana makaranta, na sauke zangarniyar na sussuke ta duka, ta ba ni mudu biyu. Na kwance bakin buhunka na kwashe mudu biyu daga sama na zuba a tsohon kwanon samira. Sai na ga kaurar ba za ta ɓoyu cikin jan iri ba. Ni ɗiyar dukawa ce, tun ina yarinya na san yadda ake fitar da ja. Na dafa karan dafi da 'yar kanwa, irin wanda nake rina kabar faifai da shi, na bar shi ya huce sarai don kada ya dafa irin. Na yayyafa, na cuɗa, na shanya a inuwa bayan ɗaki. Sau biyu na yi kafin launin ya zo daidai. Na zuba a saman buhun na ɗinke bakinsa da zaren da na warware. Har daɗi na ji da na ga yadda ya yi kyau. Na ce ƙwari ba za su taɓa shi ba tunda ya sha hayaƙi wata bakwai, don haka ba abin da jan naka zai nuna masa.

Abin da ke sama shi aka fara shukawa. Shi ne gefen gabas.

Ba zan ce ban san an hana ba. Takardar da ka sa a cikin buhun, da manyan baƙaƙe ka rubuta ta don ni: kada a wanke, kada a ci, kada a haɗa da wani iri. Na karanta ta sau uku. Da shekara huɗu da suka wuce ne, da sai in ce ban iya karatu ba, in sami inda zan ɓuya. Ba ka rubuta dalili ba, ni kuma na yi wa kaina dalili.

Wannan duk rashin sani ne, ina fata Allah zai yafe. Abin da ba rashin sani ba shi ne na ran da Baffanka ya zo neman ragowar iri. Samirar nan tana ƙarƙashin gadona, taku biyar daga inda yake tsaye. Zuciyata ta riga ta fara zargin abin da na yi. Da na fito da ita sai ya tambaye ni yadda aka yi iri ya fita daga ɗinkakken buhu. Sai na zazzage masa buhun wofi, na bar shi ya tafi kasuwa cikin rana ya samo wanda zai sake mutuwa. Ban yi masa ƙarya da baki ba, amma ƙarya ce. Kuma ina tsaye a tsakar gida kana gaya masa maganganun nan, hannuna har lokacin da sauran ja a gefen farce, ban ce uffan ba.

Ga shi nan. Rabin gona ya tafi, kaurar mahaifinka ta tafi gaba ɗaya, don ban bar ko zangarniya ɗaya a madafa ba. Na so in raya ta, ni na kashe ta. Baffanka bai ƙara ko ɗigo a famfo ba.

Ban gaya masa ba tukuna. Na ga ya fi kyau ka fara sani, ka kira shi ka janye maganarka, sannan ni in je da tawa. Idan kana da faɗa, ni za ka yi wa, zan saurara har ka gama ba zan katse ka ba.

Ka gaida abokan zamanka. Allah ya shirya mana.

Mahaifiyarka,
Mairo


Ƙofar Marke, Sakkwato
2 ga Nuwamba

Gazali ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu duka lafiya, sai Goggo Uwani da ta kwanta kwana biyar, yanzu tana shan kunu da kanta. Nuriyya ta shiga makarantar allo, kullum sai ta dawo da tawada a riga.

Bawa ya tabbatar mini hannu da hannu ya ba ka takardata ta watan Agusta. Tun daga lokacin sau huɗu ka kira Sadiyatu, kowane kira ka ce a gaida Inna, ba ka ce a ba ni wayar ba. Baffanka kuwa ba ka kira shi ba ko sau ɗaya. Ban sani ba ko fushi kake da ni, ko nauyin Baffa kake ji. Ina jin duka biyun ne.

An yanke dawa makon jiya. Gefen yamma ya ba da abin da ba mu taɓa gani ba a wannan wurin, irinka mai kyau ne, ka yi gaskiya a kansa. Gefen gabas 'yan karare ne tsilla-tsilla, ba zangarniya ɗaya da za a kira ta iri. Baffanka ya kawo dammunan gidan nan kamar kullum. A karon farko a rayuwata na ga ya ƙirga su, ya ware kashi biyu.

Da na ga haka na daina jiranka. Ranar Alhamis da hantsi na naɗe samirar a zane na ɗauka na tafi gidansa. Na same shi a rumfa yana gyaran ƙotar lauje. Na ajiye a gabansa na buɗe, na gaya masa komai kamar yadda na rubuta maka, da abin da Aminullahi ya ce.

Bai yi mamakin rinin ba. Ya ce, “Matar Yaya, ai tun ranar shuka na gani. Hannuna da gumi, ja ya fita a tafina, ga ƙanshin kanwa. Shekara nawa ina shuka kaurar nan? Ko riga aka sa mata na san ta. Dariya na yi ni kaɗai, na ce Malama mai biro ta koma rini.” Ya ce shiru ya yi don shi ma yana son ya ga dawar Yayansa ta tsaya a gonar, kuma bai so ka yi mini faɗa. Ya ɗauka ƙarawa kawai na yi a kan naka, bai san na kwashe ba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ce dalilin mutuwar shukar ba. Ya ce wata huɗu ke nan yana zargin kansa, yana sake lissafa famfunan da ya fesa, har ya fara tunanin ko tsufa ne ya fara taɓa masa hankali.

Da na zo kan maganar cike gurbi, cewa wannan na cikin samirar shi ne da ya rayu, sai ya ajiye laujen. Ya sa hannu ya ɗebi irin, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, “Da kin fito da wannan ran da na zo…” Bai ƙarasa ba. Ya tashi ya je ya wanke hannunsa da sabulu, ya daɗe a bakin randa yana ba ni baya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da ya dawo na roƙe shi ya janye zancen igiya, tunda laifin nawa ne. Ya ce ni ya yafe mini duniya da lahira, kewar miji ce ta sa ni, shi ma yana kewar ɗan'uwansa. Amma ya ce, “Yaron nan ba cewa kawai ya yi na cika magani ba. Wannan ko ni na zargi kaina. Cewa ya yi gonar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yaya bai taɓa gaya mini haka ba har ya koma ga Allah. In dai haka 'ya'yansa suke gani, gara kowa ya san nasa tun ina da rai, kada in mutu a bar nawa 'ya'yan da rigima.” Na ce zafin rai ne, ba har zuciyarka ba ne. Ya ce to zafin rai na wata huɗu?

Na yi ta magiya har Safiya ta fito ta taya ni. A ƙarshe ya ce idan kai da bakinka ka ce Baffa a bari, zai bari, ba ya neman ka durƙusa, ba ya neman dogon bayani. Amma ba zai karɓa daga bakina ba, ko na yayarka, ko na liman.

Ya riga ya gaya wa dattawan. Ranar Asabar, sha biyar ga watan nan, bayan an karya kumallo za a haɗu a gindin gawo.

Gazali, ni na ɓata shukar, wannan nauyina ne har in mutu. Amma maganar da ta fita ta waya taka ce, ba zan iya janye maka ita ba, na gwada. Na san yadda kunya take riƙe bakin mutum, ka ce bari gobe, gobe ka ce bari jibi. A wurina ka gado ta. Ni ta riƙe ni mako biyu kacal, lokacin shuka ya wuce, kuma duk kukan da na yi bayan nan bai tsirar da ƙwaya ɗaya ba. Kai saura maka kwana goma sha uku.

Ka kira shi. In bakinka ya yi nauyi, ka rubuta layi biyu da hannunka, Bawa yana tasowa daga Minna ranar Laraba sha biyu ga wata, ni zan kai wa Baffanka in karanta masa, na tambaye shi ya ce rubutun hannunka bakinka ne. Ni ma ka amsa mini, ko da faɗa ne, kafin ranar.

Idan Asabar ta zo ba mu ji daga gare ka ba, Baffa ya ce ni zan tsaya a madadinku in ga inda za a kafa dutsen iyaka. Zan je, don ba ni da bakin ƙi. Amma ina roƙonka kada ka sa in tsaya a wurin.

Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyarka.

Mahaifiyarka mai jiran amsa,
Mairo